Matuƙan Jirgin Sama a Nijeriya: Yadda Ake Ɗaukarsu Aiki da Yadda Suke Zama da Juna, Jiya da Yau

1.0 Gabatarwa

A tsawon shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun birnin Kano da kewayenta, da wuya zangon karatu ya ƙare ban tambayi ɗalibaina abin da suke son zama ba idan sun girma. Bayan likita da soja, amsar da na fi ji ita ce matuƙin jirgin sama. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne ga yaron da ya tashi a Fagge ko Kurna ko Birged, inda ƙarar jirgi kan katse wa malami magana a tsakiyar darasi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, daga mu malaman har iyayen yaran, ba kasafai muke da abin gaya musu ba idan suka tambayi ta ina ake shiga wannan aiki, da kuma irin zaman da ake yi a cikinsa.

Saboda haka wannan maƙala za ta waiwayi tarihi ne domin ta amsa tambayoyi biyu. Ta farko, ta wace ƙofa ake ɗaukar matuƙa aiki a ƙasar nan tun daga zamanin Turawa zuwa yau? Ta biyu, yaya zama yake tsakanin babba da ƙarami a ɗakin tuƙi, da kuma tsakanin mai kamfani da ma'aikacinsa? Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan magana ce ta ma'aikatan jirgi su kaɗai. Amma duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sansanin alhazai ya ga tashin jirginsu, ya san cewa maganar ta shafi kowane gida.

2.0 Zamanin Turawan Mulkin Mallaka

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sun taso ne daga ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango. Bayan shekara goma sha ɗaya, wato a 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai Kano ta zama babban zango, domin daga 1940 ana haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri, a wuce da su Hartum har zuwa Alƙahira.

A duk tsawon wannan lokaci, tuƙi aikin Bature ne. Ɗan ƙasa yana nan a filin jirgi, amma a matsayin lebura mai gyaran fili, ko mai ɗaukar kaya, ko maigadi, ko masinja, daga baya kuma akawu da yaron makanike. Ko da aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma a 1946, wanda aka fi sani da WAAC, mallakar Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, matuƙansa Turawa ne, da yawansu kuma tsofaffin matuƙan yaƙi ne da aka sallama daga soja. Wannan batu yana da muhimmanci, domin sun shigo aikin farar hula da tarbiyyar bariki, inda maganar na sama ita ce doka, na ƙasa kuwa nasa bi ne. Haka abin yake a ko'ina cikin duniya a wancan zamani, kuma wannan tarbiyya ita 'yan ƙasa na farko suka tarar, ita suka gada.

Akwai wani abin da ya faru a Kano a ƙarshen wannan zamani wanda nake so mai karatu ya riƙe, domin zan komo kansa. Ranar 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Kano ana cikin hadari, iska ta juya masa farat ɗaya, ya faɗi jim kaɗan da tashinsa. Mutum 32 suka rasu daga cikin 45 da ke ciki.

3.0 Mayar da Aiki Hannun 'Yan Ƙasa

Da guguwar neman mulkin kai ta taso, sai aka fara tura matasan Nijeriya ƙalilan zuwa Ingila koyon tuƙi a shekarun 1950. Daga cikin rukunin farko akwai Robert Hayes, wanda ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya kai muƙamin kyaftin. Kafin nan, a 1958, Gana ta kafa nata kamfanin, Nijeriya ita ma ta kafa nata, inda gwamnati ta riƙe kashi 51 cikin ɗari, kamfanonin Elder Dempster da BOAC suka riƙe saura. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarin baki ɗaya. Wannan kamfani shi ne Nigeria Airways.

Mallakar jirgi abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi, samar da matuƙi kuwa sai an ɗauki shekaru. Wannan ne ya sa a 1964 aka yi dokar kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO mai tsara ƙa'idojin sufurin sama na duniya. A wannan shekara ce kuma aka kafa rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya, wadda Jamus ta Yamma ta taimaka wajen horar da jami'anta na farko. Makarantar Zariya ba matuƙa kaɗai take horarwa ba, har da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage hannu daga hasumiya, da ma'aikatan sadarwa.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙofar shiga take a wancan lokaci. Yaro zai zauna jarrabawa, a duba ƙoƙarinsa a lissafi da kimiyya da Ingilishi, likita ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Idan ya haye, akasari hukuma ce ko kamfanin ƙasa ke ɗaukar nauyinsa, idan ya gama kuma gurbin aiki na jiransa. Ta haka ne ɗan manomi da ɗan malamin makaranta suka sami damar hawa kujerar da a da sai Bature. Cikas ɗin da Arewa ta samu shi ne ƙarancin makarantun sakandare masu koyar da kimiyya, ta yadda makaranta tana Zariya, amma yaran da suka cika sharuɗɗan shigarta daga wannan yanki ba su taka kara sun karya ba a shekarun farko. Mu da muka yi karatu a wancan zamani mun san yadda ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yake da wuyar gani a makarantunmu.

Mata ma ta wannan ƙofa suka shigo. Chinyere Kalu, wadda ta yi karatu a Zariya, ita ce mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, kuma a 2011 aka naɗa ta shugabar makarantar da ta horar da ita. Haka nan Hadiza Lantana Oboh ta tuƙa jirgi a Nigeria Airways har ta kai muƙamin kyaftin.

4.0 Zamanin Nigeria Airways

A kamfanin ƙasa, aikin tuƙi tsani ne mai matakai. Sabon matuƙi yakan fara ne da ƙaramin jirgi mai farfela irin Fokker F27, yana zaune a kujerar dama a matsayin mataimaki, yana zirga-zirga tsakanin garuruwan cikin gida. Bayan shekaru sai ya koma kujerar hagu, wadda ita ce ta kyaftin. Daga nan sai a ɗaga shi zuwa Fokker F28 ko Boeing 737, kafin ya kai ga manyan jirage masu ƙetare teku irin su Boeing 707 da DC-10. A manyan jiragen wancan lokaci akwai mutum na uku a ɗakin tuƙi, wato injiniyan jirgi, mai lura da injuna da mai. Wanda ya riga shiga shi ke gaba a layi, kuma kowane mataki sai an ci jarrabawarsa.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Yaro yakan yi shekaru yana koyo a gefen manya, kamfani ne ke biyan kuɗin horonsa a duk jirgin da aka mayar da shi, kuma yana da tabbacin albashi da fansho. Ma'aikacin da ke da irin wannan tabbaci shi ne ke iya duban shugabansa ya ce masa wannan jirgi ba zai tashi ba sai an gyara shi. Illarsa kuma ita ce tazarar da ke tsakanin kyaftin da mataimakinsa takan yi faɗi ƙwarai, domin kyaftin shi ne malaminsa, wani lokaci shi ne mai jarraba shi, rahotonsa kuma na iya jinkirta masa ƙarin girma.

A lokacin da kamfanin yake ganiyarsa yana da jirage kimanin talatin. Amma tun a ƙarshen shekarun 1970 aka fara kokawa da yadda ake tafiyar da shi, har gwamnati ta ɗauko kamfanin KLM na ƙasar Holan ya riƙe ragamarsa daga 1979 zuwa 1981. Bayan tafiyarsu sai matsaloli suka ci gaba da taruwa: bashi ya yi katutu, ana yawan sauya shugabanni, masu mulki suna tsoma baki, ma'aikata sun yi wa jirage yawa. Jirage suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya babu kuɗin gyara, har kamfanin ya daina aiki a 2003, aka kuma rushe shi a 2004. Ma'aikatansa, ciki har da matuƙan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a cikinsa, sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta amince da fitar da sama da naira biliyan 22 domin biyan wani kaso daga ciki, bayan da dama daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

5.0 Kamfanoni Masu Zaman Kansu da Sauyin Ƙofar Shiga

Tun kafin kamfanin ƙasa ya durƙushe, 'yan kasuwa sun shigo harkar, kuma Arewa ba ta zauna a baya ba. A 1980 marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano. Daga baya aka sami Chanchangi a Kaduna, sannan IRS da Max Air da Azman. Waɗannan kamfanoni da takwarorinsu na Kudu sun tarar da ƙwararrun matuƙa a shirye, waɗanda gwamnati ta riga ta horar a Zariya, ko a kamfanin ƙasa, ko a rundunar mayaƙan sama. Ɗan kasuwa mai jirgi uku ko huɗu ba ya ganin dalilin kashe kuɗi a kan yaron da sai bayan shekaru zai amfane shi, alhali ga ƙwararre yana neman aiki. Da haka ne nauyin horo ya zame daga wuyan hukuma ya koma wuyan iyaye.

Ya kamata malamai su san matakan, domin su ne yara ke tambaya. Lasisin farko shi ne na tuƙin kai da kai, wanda ke buƙatar kimanin sa'o'i 40 a sama, kuma ba a karɓar albashi da shi. Na biyu shi ne na kasuwanci, wanda a bisa ƙa'idar ICAO yake buƙatar sa'o'i 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Na uku shi ne wanda ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja, shi kuwa sai an cika sa'o'i 1,500. Bayan waɗannan, kowane samfurin babban jirgi yana da nasa horon daban, wanda ake yi a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma galibi da dala ake biya. Ga gwajin likita akai-akai, ga jarrabawar sabunta ƙwarewa wadda matuƙin kamfani kan yi sau biyu a shekara, ga kuma sharaɗin iya Ingilishi gwargwadon da zai fahimci hasumiya ta kowace ƙasa.

A nan ne kikan-kikan ɗin take. Yaro ya fito da sa'o'i 200, kamfani ya ce sai mai sa'o'i masu yawa da horon samfurin jirginsa, sa'o'in kuwa ba a samunsu sai a bakin aiki. Na ga wannan da idona. Wani tsohon ɗalibina, yaro mai kaifin basira, mahaifinsa ya sayar da gonar gado da wani fili ya tura shi ƙasar waje. Ya dawo da lasisinsa, aka yi walima, 'yan unguwa suka fara kiransa kyaftin. Shekara uku yana yawo da takardu. A wani kamfani an gaya masa ƙarara cewa ya je ya biya wa kansa horon samfurin jirgi tukuna, a wani kuma aka tambaye shi wa ya turo shi. Rannan ya zo gaishe ni, na ga yana jujjuya littafin da ake rubuta sa'o'in tuƙi, ya ce da ni, "Malam, ba rashin aikin ne ya fi damuna ba, kullum hannuna ƙara mantawa yake." Daga ƙarshe koyar da lissafi ya kama a wata makarantar kuɗi domin ya tara abin sabunta lasisinsa.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2013 gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, kuma ba dukkansu ne suka sami kujerar tuƙi da wuri ba bayan dawowarsu. A lokaci guda kuma kamfanoni kan ɗauko kyaftin-kyaftin daga ƙasashen waje su biya su da kuɗin waje, suna kukan ƙarancin ƙwararru. Duka maganganun biyu gaskiya ne: sababbi sun yi yawa, ƙwararru sun yi kaɗan, domin tsanin da ke mayar da sabo ya zama ƙwararre shi ne ya karye tare da kamfanin ƙasa. Inda kuwa gurbi ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, nan alfarma da sanayya ke samun wurin zama. Wanda kuma ya shiga aiki da bashi a kansa, yana ganin layin masu jiran kujerarsa, ba zai yi saurin musa wa maigida ba.

6.0 Babba da Ƙarami a Ɗakin Tuƙi

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta biyu. Duniya ba ta farga da haɗarin da ke cikin shirun ƙarami ba sai da aka yi babban rashi. Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya, jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Kyaftin ɗin KLM yana cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfaninsu, shi ne ma ya jarraba mataimakin da ke gefensa a kan wannan samfurin jirgi. Ya fara gudu bai sami izinin tashi ba. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya sauka daga titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka, daga nan ba wanda ya sake magana. Bayan wannan da wasu haɗurra makamantansa, hukumar NASA ta Amurka ta kira taro a 1979, kuma a 1981 kamfanin United Airlines ya fara wani sabon horo na haɗin kan ma'aikatan jirgi. A wannan horo ana koya wa ƙarami yadda zai faɗi abin da ya gani a fili, ya maimaita idan ba a ji shi ba, ana kuma koya wa babba cewa saurare yana cikin aikinsa. Yau wannan darasi wajibi ne ga matuƙan kamfanoni.

Mu ma a nan mun biya namu farashin. Saboda yawan alhazai, kamfanin ƙasa yakan yi shatar jirage daga waje tare da ma'aikatansu. Irin wannan jirgi ne, na ƙasar Jodan, ya yi haɗari a Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, inda mutum 176 suka rasu, ranar da har yau dattawan garin nan ba su manta da ita ba. Amma wanda ya fi fito da batunmu fili shi ne na Jidda, ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgin samfurin DC-8 ne na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya ɗauko alhazai zai kai su Sakkwato. Bincike ya nuna cewa kwanaki kafin ranar makanikai sun san iskar wasu tayoyin ta yi ƙasa, har ma an sauya alƙaluman da ke takardar gyara. Da safiyar ranar babban makanike ya nemi a ƙara wa tayoyin iska, ba a sami iskar da ake bukata nan take ba, jami'in kamfanin mai kula da kwangilar kuwa ya ƙi yarda a jinkirta, domin jigila ta riga ta makara. Ba a sanar da kyaftin ba. Jirgi na cikin gudu a kan titi tayoyi suka fashe suka kama wuta, aka tashi, aka naɗe su cikin cikin jirgi da wutarsu. Matuƙan sun juyo domin su sauka, amma wuta ta riga ta ci ƙarfin jirgin. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu, har da makaniken da jami'in. Allah ya ji ƙan alhazanmu. Abin da ya kamata a lura shi ne, akwai wanda ya san gaskiya a wannan safiya, ya kuma faɗa, amma maganarsa ba ta da nauyin da za ta tsayar da jirgi.

Bayan haɗarin Gwammaja na 4 ga Mayu, 2002, wanda ya ci rayuka sama da ɗari a cikin jirgi da cikin gidaje, da haɗurra biyu na 2005, sai kuma na 29 ga Oktoba, 2006, inda jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi a Abuja, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya ji ƙansa. A nan ne zan komo kan haɗarin Kano na 1956. Abin da ya kayar da jiragen biyu iri ɗaya ne, wato juyawar iska farat ɗaya a cikin hadari. Bambancin shi ne, a 1956 ba a gama fahimtar wannan iska ba, amma a 2006 an san ta, an kuma tsara yadda ake kuɓuta daga gare ta. Rahoton bincike ya ɗora laifi a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, ya kuma nuna gazawa a horon da aka ba matuƙan da yadda suka raba aiki a tsakaninsu.

Misali na ƙarshe shi ne na 3 ga Oktoba, 2013, a Ikko, lokacin da jirgin kamfanin Associated mai ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, ya faɗi yana tashi. Na'urar naɗar magana ta nuna cewa jirgin da kansa yana ta yin gargaɗi, mataimaki kuma ya kawo shawarar a fasa tashi, kyaftin ya ci gaba. Mafi yawan mutum 20 da ke ciki sun rasu. Daga cikin dalilan da masu bincike suka lissafa akwai raunin haɗin kan matuƙan, da munin al'adar aiki a kamfanin, da sakacin sa ido daga hukuma.

7.0 Abin da Ya Rage Gare Mu

Mu Hausawa mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan girmama na gaba, kuma ban ga abin da za mu yi nadama a kansa ba. Sai dai a wasu gidaje da makarantu mun haɗa ladabi da shiru, har ya zama yaron da ya ce wa malami ya yi kuskure a allo ana ɗaukarsa mara kunya. Ni kaina na taɓa korar yaro daga aji saboda ya gyara mini shekarar wani yaƙi a gaban 'yan uwansa, da na koma gida na duba littafi na tarar shi ne da gaskiya. Irin wannan yaro ne ake bukata a kujerar dama, ni kuwa a ranar na koya wa aji guda cewa gara a yi shiru.

Alhali kuwa kakanninmu ba haka suka tafiyar da tafiya mai haɗari ba. Ayarin fatake mai zuwa Gwanja yana da madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, amma yana da jagaba da ke gaba yana duba hanya, da uban dawaki, kuma madugun da ya ƙi jin rahoton jagabansa shi ke kai ayari bakin 'yan fashi. Su ne kuma suka bar mana maganar nan cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saboda haka abin da ake koyarwa a ɗakin tuƙi yau ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ga 'yan uwana malamai, shawarata ita ce mu ƙarfafa lissafi da kimiyya da Ingilishi tun daga ƙananan azuzuwa, mu kuma saba wa yara da yi mana gyara cikin ladabi, mu gode musu a gaban aji idan sun yi daidai. Ga iyaye, kafin a sayar da gona a fara kai yaro gwajin likitan matuƙa, domin matsalar ido ko ta zuciya na iya rufe ƙofar baki ɗaya. A kuma lissafa kuɗin horon samfurin jirgi da na sabunta lasisi tun farko, a tuna cewa gyaran jirgi da aikin hasumiya su ma sana'o'i ne masu daraja da ake koya a Zariya. Ga gwamnatocin jihohi masu tura yara karatu, a ƙulla yarjejeniya da kamfanonin da za su ɗauke su tun kafin su tafi. Ga dattawa masu faɗa a ji kuwa, roƙona shi ne katin alfarma ya tsaya a nema wa yaro damar zama jarrabawa, kada ya kai ga nema masa cin ta.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an bi sawun aikin tuƙin jirgin sama daga 1925, lokacin da yake hannun Turawa su kaɗai, zuwa zamanin da hukuma ke zaɓar yaro ta horar da shi ta ba shi aiki, har zuwa yau da nauyin ya koma kan iyaye. An kuma nuna, ta hanyar haɗurran Tenerif da Jidda da Abuja da Ikko, cewa lafiyar fasinja ta dogara ne ga yadda aka zaɓi matuƙi, da yadda aka horar da shi, da kuma ko na ƙasa yana da bakin magana idan ya hango matsala. Tsohon ɗalibin nan nawa daga baya ya sami gurbi, yana kujerar dama a wani kamfani. Da ya zo yi mini sallama, abin da na roƙe shi shi ne ya girmama kyaftin ɗinsa kamar yadda yake girmama mahaifinsa, amma ranar da ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya faɗa, idan ba a ji ba ya sake faɗa da ƙarfi.